Zauren Iyali: Kifin da Ya Ƙi Zama Wuri Ɗaya

 Wata 'yar'uwa ta rubuto mana daga Kano, ta ce ɗanta ya tara kuɗin tararsa ya sayi kifaye biyu sirara masu gashin baki, ya sa su cikin akwatin gilashi. Da rana suna kwance kamar matattu. Amma in yamma ta yi, ko kuwa hadari ya haɗo, sai su yi ta gudu sama da ƙasa, suna leƙo kai suna komawa. Maigida ya ce ciwo ne, a zubar. Yaro kuwa ya kwana yana kuka. Tana tambaya, wa ke da gaskiya?

Bisa ga yadda ta kwatanta, wannan kifin da Japanawa ke kira dojo ne, Ingilishi kuwa suna ce wa danginsa loci. Babu shi a Gulbin Rima. Gidansa gonakin shinkafa ne da kududdufan ƙasar Sin da Japan da Koriya, inda ake miya da shi. Yana da ɗan'uwa a Turai wanda mutanen dā sukan ajiye cikin kwalba domin ya gaya musu zuwan ruwa. Dalili kuwa shi ne, kafin hadari nauyin iskar sama yakan ragu, kifin nan kuma yana da jakar iska a ciki wadda ƙananan ƙasusuwa suka haɗa da kunnensa, shi ya sa yakan ji canjin tun mutum bai ga gajimare ba. Leƙowar da yake yi kuma iska yake haɗiya. Hanjinsa ne ke tsotse abin amfanin cikinta, saura ya fita ta baya. Yaran aji sukan yi dariya in mun kai nan, amma haka Ubangiji ya yi shi, domin ya rayu cikin laka inda wani kifi zai mutu.

To, yaro ya yi gaskiya ke nan? Kada mu yi saurin yanke shari'a, gama mu ma mun taɓa faɗawa cikin wannan rami.

Wata damina, bayan ruwa ya janye daga fadamar da ke kusa da kufan Alkalawa, tsohon birnin Gobir da aka ci a 1808, 'yan makarantarmu suka kawo ƙananan tarwaɗa huɗu da karfasa shida. Muka zuba su cikin babban baho a bayan aji domin darasin halitta. Tarwaɗa suka yi ta hawa suna sauka. Muka tambayi wani dattijo masunci, ya ce, "Malam, ai haka take, iska take sha." Muka saki jiki. Yara kuwa suka ɗauka yunwa ce, kowa ya zo sai ya jefa dusa ko guntun tuwo. A rana ta uku muka ga karfasa su ma sun taru a bisa, baki a buɗe. Muka ce ai iska suke sha kamar 'yan'uwansu, muka tafi gida. Da gari ya waye duka shida sun yi rigingine, ruwa yana wari. Tarwaɗa kuwa ko a jikinsu. Laifin namu ne, ba na yara ba, kuma mun faɗa musu haka.

Ga abin da muka kasa ganewa a ranar. Tarwaɗa tana da wani abu kamar reshen itace a cikin kanta wanda take shan iskar waje da shi, har takan ja ciki bisa jikakkiyar ƙasa da dare ta koma wani ruwa. Gaiwa ta ma fi ta: huhu gare ta, kuma in aka hana ta leƙowa sai ta nutse, ko da yake kifi ce. Manoman fadama sun san yadda takan shige laka ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta yi watannin rani a can. Amma karfasa ba a ba ta wannan baiwa ba. Iskarta tana cikin ruwa kaɗai. In ka gan ta a bisa tana haki, ba wasa take yi ba, ruwan ne ya mutu. Abinci da ya ruɓe yakan cinye iskar oksijin, zafi kuma yakan kore ta: lita ɗaya ta ruwa takan riƙe kamar miligram 9 a zafin digiri 20, amma a digiri 30 sai ta koma kamar 7 da rabi.

Saboda haka, 'yar'uwa, ba gudun kawai za a duba ba, a duba irin gudun. Kifi mai lafiya yakan hau da sauri, ya haɗiyi iska, ya koma ƙasa ya ci gaba da tonon yashi da gashin bakinsa. In an jefa abinci yana ci. In sabon zuwa ne, yakan yi kwanaki yana bin gefen gilashi kafin ya saba. Wanda ke cikin wahala kuwa ba ya hutawa dare da rana, ya ƙi ci, yana goga jiki da dutse, gefen kansa yana bugawa da sauri, ko kuwa yana neman tsalle ya fita. In ruwan ya yi duhu ko yana wari, to maigida ya yi gaskiya cewa akwai damuwa, sai dai ba kifin za a zubar ba, ruwan ne.

Ko ruwan ma ba duka ba. A kwashe kashi ɗaya cikin huɗu kowane mako, a cika da wanda ya kwana a buɗe, gama maganin da ake sa wa ruwan famfo yana ƙone kifi. Abinci kuwa abin da za su cinye cikin minti biyu ko uku, mutum ɗaya kuma shi ke bayarwa, ba dukan gida ba. A zuba yashi mai laushi, a sa kasko a kife domin maɓoya. A rufe da raga, a bar rata tsakaninta da ruwa. Dojo ɗan ƙasar sanyi ne, zafin bazarar Kano zai ba shi wuya, sai a nema masa ɗakin da ya fi inuwa.

Muna roƙon maigida ya ɗan yi haƙuri. Farawa sura ta 1 ta nuna mana an ba mutum mulkin kifaye, yaron nan kuwa yanzu ne yake koyon abin da mulki ke nufi a kan rayuka biyu da ke hannunsa. A ba shi littafi ya riƙa rubuta ranar da kifin ya yi gudu da ranar da ruwa ya sauka. Mu a nan muna so mu ji ko dojo zai iya karanta hadarin ƙasar Hausa.

In kuma wani ya kawo muku kurungu kuka gan shi yana iyo ciki a sama, kada ku yi masa jana'iza. Akwai irinsa da haka yake tafiya, har Masarawan dā sun zana shi a bangon kaburburansu.