Ba Kowane Jini A Bayan Gida Ne Basir Ba: Raddi Ga Dillalan Maganin Ƙasar Sin

 

Ya ku 'yan uwana matasa, wata sana'a ta bunƙasa a garuruwanmu, tun daga Zariya zuwa Likoro da Hunkuyi har Makarfi da Ikara, wato tallar ƙwayoyi da ganyen shayi da ake cewa an yi su da tsirran ƙasar Sin. A da mai lasifika ne a ranar kasuwa. Yanzu kuwa ɗalibi ne mai waya, wanda aka yi wa rajista a wani kamfani, aka ce ya jawo mutum biyu, su ma su jawo bibbiyu. Kwalba ɗaya, in ji su, tana maganin basir da gyambon ciki da atini da kumburin hanji, har da ƙarin kuzari. Hukuncina a kan wannan ciniki shi ne: wanda ya sayar wa mai zubar da jini ta dubura irin wannan kwalba alhali bai san abin da ke damunsa ba, ya cuce shi, ko da kuwa niyyarsa ta taimako ce.

Mu fara da kalmar basir, domin ita ce ƙofar da ɓarnar ke shigowa. A bakin Bahaushe kusan duk abin da ya shafi ciki da dubura basir ne. Basir ɗin cuta ce ta gaskiya, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubutu na musamman a kanta da magungunanta. Amma jini da majina a bayan gida suna iya zama atini, suna iya zama tsutsar da ake kamuwa da ita a ruwan fadama, abin da manoman rake da tumatir na yankinmu ke shiga kullum, suna iya zama tarin fuka da ya sauka a hanji, suna kuma iya zama sankarar hanji. Sannan akwai cututtukan kumburin hanji masu daɗewa guda biyu: ɗaya tana cin fatar cikin babban hanji ta bar gyambo, ɗayar kuma, wadda aka raɗa wa sunan likita Burrill Crohn da ya bayyana ta da abokan aikinsa a Amurka a 1932, tana iya kama ko'ina daga baki zuwa dubura. A waɗannan biyun, garkuwar jikin mutum ce ke far wa hanjinsa. Kowace daga cikin cututtukan nan maganinta daban, har ma maganin wata yana iya tsananta wata: magungunan da ke kwantar da garkuwar jiki suna taimakon mai kumburin hanji, amma suna iya halaka mai tarin fuka. Likita kansa ba ya rarrabe su da ido. Sai an gwada bayan gida da jini, wani lokaci a zura bututu mai kyamara a leƙa hanjin, a gutsuro tsoka a kai ɗakin bincike. To ina wanda ya ɗora tafin hannunka a kan wata 'yar na'ura da aka jona da kwamfuta, ya karanto maka cututtuka goma cikin minti biyu?

Babbar hujjar dillalai ita ce shaida: wane ya sha ya warke, ga muryarsa a WhatsApp. A nan nake so mai karatu ya tsaya da kyau. Ɗabi'ar kumburin hanji ita ce ya taso ya kwanta. Mutum zai yi makonni yana zawo da jini, sai ciwon ya lafa na watanni, wani lokaci ba tare da ya sha komai ba. Yaushe ne kuma mutum ke sayen kwalbar? Lokacin da ciwon ya kai maƙura, wato daidai gaɓar da galibi sauƙi ke biyo baya. Sai a naɗi muryarsa yana godiya. Idan ciwon ya dawo bayan damina babu mai komawa ya sake naɗar muryar, sai dai a ce masa bai cika ƙa'ida ba, ya ƙara kwalba uku. A tsawon wannan lokaci jininsa na raguwa, jikinsa na ramewa, kuma wanda ya shekara takwas ko goma da gyambon babban hanji haɗarin sankara na ƙaruwa a kansa, shi ya sa likitoci ke son a riƙa leƙa hanjinsa lokaci zuwa lokaci.

Kada wani ya ɗauka ina raina tsirran Sinawa ne. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke bai wa 'ya'yanmu a yau, irin su Coartem, asalinsa wani ganye ne da Sinawa suka daɗe da sani, kuma Tu Youyou, matar da ta jagoranci fitar da sinadarinsa a farkon shekarun 1970, ta samu kyautar Nobel a 2015. Sai dai ganyen bai zama magani a asibitocin duniya ba sai da aka ware sinadarin, aka auna shi, aka gwada a kan marasa lafiya, aka san iyakarsa.

A kan kumburin hanji ma akwai misali mai kama da haka, kuma ya fi kusa da mu fiye da yadda za a zata. Sinawa na da wani shuɗin gari da suke kira Qing Dai, wanda ake samu daga tsirran rini, ɗan uwan shunin da marina ke aiki da shi a Ƙofar Mata ta Kano, ko da yake tsirran nasu ba babanmu ba ne. Likitocin Japan sun gwada shi a kan mutum 86 masu gyambon babban hanji na tsawon mako 8, aka buga sakamakon a 2018. Cikin waɗanda aka bai wa ƙwayar da babu magani a cikinta kusan kashi 14 cikin ɗari ne suka samu sauƙi, su kuwa waɗanda suka sha garin, tsakanin kashi 70 zuwa 81. Wannan sakamako ne mai ƙarfi, ba na musu. Amma masu yaɗa rabin labarin ba sa faɗin ɗaya rabin: an dakatar da gwajin kafin ya kai ƙarshe, saboda rahoton wani da ya sayi garin da kansa ya yi watanni yana sha, ya kamu da hawan jini na jijiyoyin huhu, cutar da ke gajiyar da zuciya har ta kai ga ajali. Ma'aikatar lafiya ta Japan ta fitar da gargaɗi a ƙarshen 2016, kuma a cikin gwajin kansa an ga hantar wasu ta taɓu. Ke nan tsiron da ya fi kowane hujja a wannan fanni shi ne wanda masu bincikensa suka ce kada a sha shi sai ƙarƙashin kulawar likita. Ɗan uwa, dillalin unguwarku zai auna maka hanta? Zai duba maka zuciya?

Wai ai ganye ne, ba ya illa. Babba-jiji ma ganye ne. A birnin Burasels na ƙasar Beljiyam, a farkon shekarun 1990, wani asibitin rage ƙiba ya bai wa mata haɗin da ya ƙunshi tsiron Sin, ashe an musanya saiwar da ake nufi da wata mai kusan suna iri ɗaya. Fiye da mata 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa suka koma wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma daga baya sankara ta kama mafitsararsu. Idan haka ta faru a Turai inda ake da ɗakunan gwaji, me kake tsammani da kwalbar da rubutun jikinta ba mai iya karantawa a garinku?

Za su nuna maka lambar NAFDAC. Duba ta da kyau. Yawancin magungunan gargajiya lambarsu na ƙarewa da harafin L, wato an saka su a jerin abin da aka ba izinin sayarwa bayan duba ko suna da guba, ba wai hukumar ta tabbatar suna warkar da abin da ake iƙirari ba. Shi ya sa ake rubuta a jikinsu, da ƙananan haruffan Turanci, cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Dillali ya san wannan layi. Bai taɓa fassara maka shi ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ake lulluɓe cinikin da rigar addini. Wani zai buɗe tallarsa da maganar nan da ake jingina wa Manzon Allah (SAW) ta neman ilimi har ƙasar Sin, alhali malaman hadisi irin su Ibnu Hibban da Ibnul Jauzi sun yi watsi da ita tun ƙarnoni da suka shuɗe. Wani kuma ya haɗa da zuma da habbatus sauda a cikin leda ɗaya don kwalbar ta samu albarkacinsu. Idan hadisi suke so, akwai wanda ya zo a Sunan Abi Dawud da Nasa'i da Ibnu Majah, wanda ma'anarsa ke ɗora lamuni a wuyan duk wanda ya shiga aikin likitanci ba a san shi da ilimin ba, kuma Ibnul Ƙayyim ya faɗaɗa bayaninsa a Zadul Ma'ad. Wanda ya tura tallar zuwa zauren 'yan makarantarsu don ya samu kamasho, ya tambayi malaminsa ko shi ma yana da kaso a wannan lamuni.

Akwai uzuri guda da nake girmamawa, shi ne talauci. Leƙen hanji na da tsada, layin asibiti na da tsawo, magunguna irin su mesalazine ba a kowane kemis ake samu ba, kuma sha ake yi shekara da shekaru. Gaskiya ne, kuma abin kunya ne ga hukumominmu. Amma a lissafa kuɗin kwalabe shida da iyali ke sayarwa da buhun masara su saya. Da an fara da gwajin bayan gida, mai yiwuwa a gano atini ne ko tsutsa, waɗanda 'yan kwanaki na magani ke kawarwa. Mutumin Likoro kuwa ba shi da nisa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda mutane ke tahowa daga jihohi masu nisa. Wanda ya haura mako biyu yana ganin jini, ko yake ramewa, ko zawo ke tashinsa cikin dare, ya nufi can, ya kuma tafi da duk kwalaben da ya sha a cikin leda ya ajiye su gaban likita, don a san abin da za a duba a hantarsa da ƙodarsa.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.