Dogon layi a ƙofar faifai

Idan sabar ta fara jan ƙafa a ranar biyan albashi ko ranar rufe rajista, maganar da ta fi saurin fitowa daga bakin shugabanni ita ce a sayo na'ura mafi ƙarfi. Sau da yawa asarar kuɗi ce, domin ba a tsaya an gano inda aikin ke maƙalewa ba, alhali wurin da ya kamata a fara leƙawa shi ne faifan ajiya.

Faifai mai juyawa sau 7,200 a minti ɗaya ba ya biyan warwatsattun buƙatu fiye da kimanin 100 a daƙiƙa guda, komai ƙarfin sauran kayan na'urar. Sannan jira ba ya ƙaruwa sannu a hankali. A mafi sauƙin lissafin layi, idan faifai yana aiki rabin lokacinsa, buƙata kan ɗauki ninki biyu na lokacin da za ta ɗauka da babu kowa a gabanta. In aikin ya kai kashi 90 cikin 100, sai ya zama ninki goma. Shi ya sa sabar da ta wuni lafiya take durƙushewa cikin mintuna kaɗan.

Manhajar iostat ta Linux tana nuna wannan, amma ana yawan karanta ta a baibai. Ido kan faɗa kan lambar %util, a ga 100, a yanke hukuncin faifai ya cika. A kan faifan SSD, wanda ke biyan buƙatu da dama a lokaci guda, lambar ba ta ce komai ba illa dai faifan bai zauna haka nan ba. Lambar await, wato tsawon lokacin da kowace buƙata ta shafe kafin a sallame ta, ita ce abin da mai jiran kuɗinsa yake ji a jikinsa.

Masu hayar sabar a wurin Amazon kuma suna da nasu tarkon. Faifan gp2 mai gigabait 100 rabonsa buƙatu 300 ne a daƙiƙa, amma yakan haura zuwa 3,000 muddin yana da rarar da ya tara lokacin da aiki ya yi sauƙi. Injiniyan da ya gwada shi da sanyin safiya zai ga 3,000 ya kwantar da hankalinsa. Ranar cunkoso rarar ta ƙare, gudun ya koma 300, ba tare da wani abu ya lalace ba, kuma ma'aunin BurstBalance da ke nuna hakan tun da wuri yana nan babu mai duba shi.