Cire hanyar ƙwai: a yi maganar tun wurin awo

Ƴan uwa mata, da ku mazansu, akwai wata cuta da ke kama gidan ƙwan macce. Lokotoro na ce mata kansa, mu muna cewa ciwon daji. A Nijar ba ta kai kansar nono da ta bakin mahaifa yawa ba, amma ta fi su iya ɓoyo. Ta fi kama maccen da ta manyanta, wadda jinin wata ya ɗauke ma. Sai ta ga ciki na tashi. Loma biyu ta ƙoshi. Mara na ciwo, fitsari ya yawaita, jiki na ramewa. Wata ta ce tsohon ciki ne da ya kwanta shina motsi, wata ta ce sammu ne. A sha saƙe-saƙi, a sha rubutu. Ranar da za a ɗora ta bisa amalanke zuwa gidan likita, ruwa ya cika ciki, cutar ta bazu.

Bari mu duba yadda Allah ya tsara wurin. Mahaifa tana tsakiyar mara. Dama da hagu akwai gidan ƙwai guda guda, kowane kamar ɗan goro. Tsakanin gidan ƙwai da mahaifa akwai ɗan tiyo siriri, tsawonshi santimita 10 zuwa 12. Shi ne hanyar ƙwai. Bakinshi na da geza kamar yatsu, ita ke cafe ƙwai in ya fito. Cikin tiyon ga ne ƙwan macce ke gamuwa da maniyyin namiji, sannan shi gangara mahaifa.

Da can masana na tsammanin cutar daga gidan ƙwai take tsira. A 2001 wasu masu bincike a ƙasar Holan sunka duba hanyoyin ƙwai na matan da ke da gadon cutar, sunka ga alamun farinta nan ciki. Bincike ya ci gaba, har anka gane cewa irin da ya fi kisa, yawanci daga gezar tiyon yake farawa, daga baya shi faɗa ma gidan ƙwai.

Wani zai ce to a riƙa auna mata mana. An gwada. A Ingila an bi mata dubu 200 shekara da shekaru, wasu ana ɗibar jininsu, wasu ana haska cikinsu da na'ura. A 2021 sakamako ya fito: awon bai rage mutuwa ba. Ke nan har ƙasar da ke da kayan aiki ba ta da awon da ke kama cutar ga da wuri.

Shi ya sa a 2010 lokotorori na wata jiha ta ƙasar Kanada, mai suna Birtish Kolombiya, sunka kawo shawara. Sunka ce in dai an riga an buɗe cikin macce don a cire mahaifa, ko don a tsaida mata haihuwa gaba ɗaya, to a cire tiyon biyu a huta, a bar gidan ƙwai wurinshi. Abin da aikin ke ƙarawa bai cika wuce minti 10 zuwa 20 ba. A 2022 sunka ƙidaya mata fiye da dubu 25 da anka yi ma haka. Ko ɗaya ba ta kamu da mugun irin nan ba, alhali bisa lissafi ana jiran kamar 5.

Ni ina ganin shawarar ta dace da mu, wataƙila ma fiye da mutanen Kanada. Maccen Madawa da cutar ta kama, sai an kai ta Yamai, inda cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa take, tafiyar kusan kilomita 500. Ta Buza da ta Keita sun fi ta nisa. A 2007 gwamnati ta sa hannu cewa maganin kansar mata kyauta ne. Amma takarda ba ta biyan kuɗɗin mota, ba ta ciyar da mai jinya wata uku a birni. Albasar shekara guda na iya ƙarewa nan, kuma sau da yawa a dawo da gawa.

Kuma ana buɗe cikin mata a yankinmu, ba yau ba. Tun 2005 anka ce fiɗar haihuwa kyauta ce. A asibitin Madawa, da na Galmi, da na Tawa, ana karɓar matan da naƙuda ta yi ma tsawo. Wata mahaifarta ta tsage, tilas a cire ta don a ceci rai. Wata ƙari ne ya cika mahaifar. To maccen da anka cire ma mahaifa, me tiyon zai yi mata? Kamar tiyon lambu ne bayan rijiya ta rufta. Ba shi kai komi ko'ina, sai dai haɗarin da ke bakinshi. Irin wagga macce, in jikinta zai ɗauka, ban ga dalilin barin shi ba.

A nan a kula da abu guda, don ana yawan ruɗewa. Gidan ƙwai shi ke ba jikin macce ruwan da ke tafiyar da al'adarta da ƙarfin ƙashinta. Ba a taɓa shi cikin aikin ga. Wadda anka cire ma tiyo kaɗai, mahaifarta na nan, za ta ci gaba da ganin jinin wata, kuma zamanta da mijinta ba shi canzawa. Haka kuma wadda ciki ya zauna ma cikin tiyo, anka cire guda don ya fashe, tana iya haihuwa da gudan da ya rage.

Amma inda maganar ke da nauyi shi ne maccen da mahaifarta ke lafiya. In an cire mata tiyon biyu, haihuwa ta ƙare. Ba tazara ba ce irin ta ƙwaya ko allura. Tiyon da anka ɗaure, wani lokaci gwanin lokotoro na iya gyara shi, ko da yake da wuya. Wanda anka cire, ya tafi ke nan. Kuma mun san ƙasarmu. Macce mai ɗiya biyar yau, baƙon dauro ko zazzaɓin damina na iya barin ta da biyu. Aure na mutuwa, ta yi zawarci, sabon miji shi so nashi. Ga kishiya na haihuwa kusa da ɗakinta. Wanda bai san zaman gidajenmu ba shi ne zai ce wannan ƙaramar magana ce.

Malamai ma sun yi magana. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta ce tazara tsakanin haihuwa ta halatta in miji da mata sun yarda, amma kashe haihuwa gaba ɗaya bai halatta ba sai da lalura. Maccen da lokotoro ya ce wani cikin na iya kashe ta, bayan fiɗa uku ko huɗu, ko don ciwon zuciya, tata lalura ce a fili. Ita ce za a gaya ma cewa maimakon ɗauri akwai cirewa, ga amfaninta, ga abin da ba ta gyaruwa. Amma macce lafiyayya ta je a yanka ta don tsoron kansa kawai, ban goyi bayan haka ba. Fiɗa na da nata haɗari. Kuma yawan haihuwa da doguwar shayarwa, waɗanda matanmu sunka saba, suna rage cutar ga dama. Sai fa gidan da uwa da ɗiya, ko ya da ƙanwa, sunka yi kansar nono ko ta gidan ƙwai. Su kam su faɗa ma lokotoro, shawararsu dabam ce.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin da ake maganar. Macce ta kwana biyu tana naƙuda, ta zubar da jini, ba ta san inda kanta yake ba. Mijin na Abijan ko Libiya wurin bida. Sai a miƙa ma ƙanen miji takarda da faransanci, shi dangwala yatsa. Wannan ba yardarta ba ce. In ta farka ta ji an yi mata abin da ba ta sani ba, labarin zai kai kasuwar Madawa kafin ta koma gida, kuma mata goma za su ƙi zuwa asibiti, su haihu a ɗaki ko da ɗan ya gicce. Cikin gaggawa lokotoro shi ceci rai, shi yi abin da ceton ya tilasta, shi tsaya nan.

Wurin maganar shi ne awon ciki. Ungozomar asibiti ta san wadda anka yi ma fiɗa sau uku, tana rubuce cikin karnenta. Tun wata na biyar ko na shida ta zaunar da ita, ta zana mata mahaifa da tiyo bisa takarda, da Hausa. Maccen ta koma gida ta yi tunani, ta yi shawara da mijinta in ya zo noma da damina, ko ta waya in bai zo ba. In tana so ta tambayi malaminta. Abin da ta yanke, i ko a'a, a rubuta shi cikin karne, ta je da shi ranar haihuwa.

Ke kuma da ke koyon karatu cikin ajin ga, in an ce za a yi maki aiki a ciki, ki tambaya: me za a cire, me za a bari, zan ƙara haihuwa ko a'a? In an kawo takarda, ki ce a fassara maki ita layi layi kafin ki rubuta sunanki.