Darfur: Abin da Rashin Hukunci Ya Haifa

Sharhinmu na yau zai leƙa yankin Darfur na ƙasar Sudan, domin duba batun laifukan yaƙi da kuma tambayar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: idan mai bindiga ya kashe wanda bai ji ba bai gani ba, wa zai tsayar da shi gaban alƙali?

Ranar 6 ga Oktoban 2025, Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, wato ICC, da ke birnin Hague na ƙasar Holan, ta samu Ali Muhammad Ali Abdurrahman, wanda aka fi sani da Ali Kushayb, da laifuka 27 na yaƙi da cin zarafin bil'adama. Cikinsu har da kisa, da fyaɗe, da azabtarwa, da korar jama'a daga gidajensu. Daga baya aka ɗaure shi shekara 20. Shi ne mutum na farko da kotun ta taɓa samu da laifi kan abin da ya faru a Darfur. Laifukan kuwa an aikata su ne tsakanin 2003 da 2004. Yaron da aka haifa a shekarar da aka ƙone ƙauyensu, sai da ya isa aure kafin ya ji alƙali ya ce an zalunci iyayensa.

Kushayb babban kwamanda ne na mayaƙan Janjawid, waɗanda gwamnatin Umar al-Bashir ta ba makamai don murƙushe tawayen da ya ɓarke a 2003. A maimakon su tunkari 'yan tawaye, sai suka far wa ƙauyukan ƙabilun Fur da Masalit da Zaghawa. Kotu ta saurari yadda aka yi a garin Deleig a watan Maris na 2004. An tattara mazaje 'yan ƙabilar Fur, aka kwantar da su ruf da ciki a kusa da ofishin 'yan sanda, Kushayb da kansa ya riƙa saran wasu da gatari, sannan aka loda su a motoci aka fita da su bayan gari aka bindige. Irin wannan ta'asa aka tafka a Kodum da Bindisi da Mukjar. A gaban kotu ya ce shi ba shi ne Ali Kushayb ba, an yi kuskuren mutum ne. Shaidun da suka tsira suka dube shi suka ce shi ne. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan dubu 300 ne suka mutu a wancan rikici, fiye da miliyan 2 kuma suka rasa matsuguni.

Masu sauraro, yaƙi yana da doka, kuma ba Turawa ne suka fara faɗin haka ba. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san wasiyyar Halifa Abubakar ga rundunar da ya tura Sham, inda ya hana kashe mata da yara da tsofaffi, ya hana sare itatuwa masu 'ya'ya. Yarjejeniyoyin Janiba na 1949 sun zo da ƙa'idoji a kan wannan turba: a bambanta mai faɗa da farar hula, kada a kashe wanda ya miƙa wuya, kada a taɓa asibiti. Yarjejeniyar Rum ta 1998 kuma ita ce ta kafa kotun ICC, wadda ta fara aiki a 2002. Doka dai ga ta nan a rubuce. Matsalar tana wajen kama mai laifi, domin kotun ba ta da ɗan sanda ko guda. Sai ƙasashe sun ga dama su kama mata wanda take nema.

Ga yadda wannan rauni ya bayyana a Darfur. Sudan ba ta cikin kotun, don haka Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ne ya miƙa mata batun a watan Maris na 2005, ta ƙuduri mai lamba 1593. A 2007 aka fitar da sammacin kama Kushayb da Ahmad Harun. Shi Harun a lokacin ƙaramin minista ne mai kula da ayyukan jin ƙai, wato mutumin da ake tuhuma da hannu wajen korar jama'a shi ne ke riƙe da sha'anin sansanoninsu. Bayan sammacin ma sai aka naɗa shi gwamnan Kurdufan ta Kudu. A 2009 kotu ta ba da sammacin kama Shugaba al-Bashir kansa, a 2010 ta ƙara masa da tuhumar kisan ƙare dangi. Bai fasa yawonsa ba. Ya zo Abuja taron Tarayyar Afirka a 2013, ya koma gida lafiya. Ya je Afirka ta Kudu a 2015, kotun ƙasar ta ce kada a bar shi ya fita, jirginsa ya tashi da shi. An hamɓarar da shi a 2019, amma har yau ba a miƙa shi ba. Kushayb ma ba kama shi aka yi ba. Da ƙafarsa ya tsallaka Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya a 2020 ya miƙa kansa, bayan inuwar da yake fakewa a ciki ta gushe.

To, me wannan jan ƙafa ya haifar? A 2013 gwamnatin al-Bashir ta ɗauki Janjawid ta ɗinka musu kaki, ta ba su suna rundunar RSF, ta ɗora Muhammad Hamdan Dagalo, wato Hemeti, a kansu. Suka samu albashi da muƙamai da ma'adinan zinariya. Darasin da duk wani matashi mai bindiga ya koya a bayyane yake: ƙone ƙauye hanya ce ta samun girma. Ranar 15 ga Afrilun 2023 rundunar nan ta gwabza da sojojin ƙasar da suka raine ta, Sudan ta kama da wuta. A birnin Al-Junaina na yankin Darfur kaɗai, ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ba da rahoton kashe mutum tsakanin dubu 10 da dubu 15 a shekarar, yawancinsu 'yan ƙabilar Masalit. Gwamnan jihar da birnin yake ciki, Khamis Abakar, ya fito a talabijin ya koka da kisan da ake yi wa jama'arsa, ba a kwana ba aka kashe shi. Dubban ɗaruruwa suka tsere zuwa garin Adre na ƙasar Cadi.

Kwana 20 kacal bayan an samu Kushayb da laifi, birnin Al-Fashir na Darfur ya faɗa hannun RSF, bayan ƙawanyar wata 18 da ta jefa mutane cikin yunwa har suna cin abincin dabbobi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton kashe fiye da mutum 460 a asibitin haihuwa na Saudiyya da ke birnin. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne wasu mayaƙan da wayoyinsu suka ɗauki bidiyon kisan da suke yi, suka watsa a intanet, fuskokinsu a buɗe. Mai tsoron alƙali ba ya yin haka. Ya kamata kuma a faɗi gaskiya duka: tawagar binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sojojin gwamnati ma sun aikata laifukan yaƙi, ciki har da ruwan bama-bamai a unguwannin farar hula.

Wannan ba labarin wata duniya mai nisa ba ne a gare mu. Adre da Al-Junaina da Al-Fashir zango-zango ne a kan hanyar da kakanninmu suka bi a ƙasa zuwa aikin Hajji, kuma Hausawa masu yawa sun zauna a Sudan har ta zama gida. Sojojin Najeriya ma sun zubar da jininsu a Darfur. A harin da 'yan tawaye suka kai sansanin dakarun Tarayyar Afirka a Haskanita a watan Satumban 2007, an kashe dakaru 12, bakwai daga ciki 'yan Najeriya ne. Har yau kotun ba ta hukunta kowa a kan wannan hari ba.

Na san abin da ke ran da yawa daga cikin masu sauraro, kuma ƙorafi ne mai tushe. Ana cewa kotun nan ba ta ganin laifin kowa sai na ɗan Afirka. Gaskiya ne cewa duk waɗanda ta ɗaure kan manyan laifuka zuwa yanzu 'yan Afirka ne. Gaskiya ne cewa uku daga cikin ƙasashe biyar masu kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu, wato Amurka da Rasha da Sin, ba sa cikin kotun, amma suna da ikon tura wasu gabanta ko su kare abokansu. A 2014 Rasha da Sin sun hau kujerar na-ƙi, suka hana a kai batun Siriya. Da kotun ta ba da sammacin kama Shugaba Putin a 2023 kan kwashe yaran Yukiren, Amurka ta yi na'am. Da ta ba da sammacin kama Firaministan Isra'ila Netanyahu a Nuwamban 2024 kan yaƙin Gaza, sai Amurka ta ƙaƙaba wa babban mai gabatar da ƙara da wasu alƙalan kotun takunkumi. Wannan son kai ne tsagwaronsa, kuma shi ne hujjar da Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa lokacin da suka ba da sanarwar ficewa daga kotun a Satumban 2025.

Amma a tsaya a yi tunani. Matar da aka kashe mijinta a Deleig 'yar Afirka ce. Idan aka ce mata a bar Kushayb ya tafi tunda ba a kama manyan duniya ba, an ƙara mata zalunci a kan zalunci. Maganin shari'ar da ke tsallake wasu shi ne a faɗaɗa ta ta kai ga kowa. Duk ƙasar da ta juya wa Hague baya, bashi ya hau kanta na ta buɗe kotu mai haƙori a gida. Ita kanta Yarjejeniyar Rum haka ta tanada: kotun duniya ba ta shiga sai inda ƙasa ta kasa ko ta ƙi hukunta nata.

Afirka kuwa ta taɓa nuna za ta iya. Hissène Habré ya mulki Cadi daga 1982 zuwa 1990, da goyon bayan Amurka da Faransa. Hukumar binciken da aka kafa bayan faɗuwarsa ta ƙiyasta an kashe mutum kusan dubu 40 a zamaninsa. Ya gudu Dakar ya yi zamansa cikin daula. Waɗanda suka tsira daga kurkukun 'yan sandan cikinsa, DDS, su ne suka ƙi haƙura. Souleymane Guengueng ya yi alkawari tun yana tsare cewa in Allah Ya fitar da shi zai nemi haƙƙin 'yan uwansa, ya fito ya bi gida-gida yana rubuta bayanan waɗanda aka azabtar. Clément Abaifouta, wanda aka tilasta wa binne gawarwakin fursunoni 'yan uwansa, ya riƙe wuraren kaburburan a ransa. Lauyarsu Jacqueline Moudeina an jefa mata gurneti a Njamena a 2001, ta warke ta ci gaba. A shekarar ne kuma aka gano takardun DDS zube a ƙasa cikin ƙura a tsohuwar hedikwatarsu, ɗauke da sunayen mutum 1,208 da suka mutu a hannunsu. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ranar 30 ga Mayun 2016, wata kotu ta musamman da Tarayyar Afirka da Senegal suka kafa a Dakar, ƙarƙashin alƙali ɗan Burkina Faso, ta yi wa Habré ɗaurin rai da rai. A nan ma da sauran aiki, domin diyyar sefa biliyan 82 da kotun ta yanke wa mutum fiye da dubu 7 ba ta kai hannunsu yadda aka tsara ba, kuma da yawansu sun rasu suna jira.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, don haka mu ma mu dubi gida. A Disamban 2020, babbar mai gabatar da ƙara ta kotun ICC a lokacin, Fatou Bensouda, ta ce akwai hujjar da za ta sa a yarda cewa Boko Haram da kuma wasu jami'an tsaron Najeriya sun aikata laifukan yaƙi da cin zarafin bil'adama. Iyayen da aka kashe wa 'ya'ya a Arewa maso Gabas, ko wane ne ya kashe su, sun cancanci a zauna a fili a saurare su a gaban alƙali.

Abin da ya rage shi ne aiki. Hukumomin Sudan su miƙa al-Bashir da Ahmad Harun da sauran waɗanda ake nema. Ƙasashen da ke tura makamai ga ɓangarorin biyu a matsa musu lamba su daina. Masu shiga tsakani su guji sulhun da za a raba kujeru a yafe jini ba tare da an tambayi masu jinin ba, domin irin wannan sulhun ne ya kai Sudan inda take a yau. Tarayyar Afirka ta tuna cewa ta taɓa kafa kotu a Dakar, za ta iya sake kafawa. 'Yan jarida da malamai da ƙungiyoyin farar hula kuma su taimaka wa waɗanda suka tsira su rubuta sunan wanda aka kashe, da rana, da wuri, da wanda ya ba da umarni, a adana, domin da irin wannan shaida ce ake cin shari'a ko bayan shekara talatin.

Allah Ya kawo wa mutanen Sudan sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba shugabanni ikon tsayar da adalci.