Shayi bayan tuwo: a ɗan dakata

Duk wanda ya sha kofin farko na shayi ya san baurin nan mai ɗaure harshe. Abin da ke kawo shi, masana suna kiran shi tanin. Yana cikin dangin sinadaran tsiro da ake ce wa fenol. Ba baƙonmu ba ne. Shi ne cikin bagaruwar da majema suke jima da ita, shi ne kuma ke sa tsuntsaye su guji wani irin jar dawa a gona.

Halin tanin kamu ne. In ya sami ɗanyar fata, ya kama ta, ta daina ruɓewa. In ya sami ƙarfe, ya kama shi, su koma baƙi. Mai shakka ya jefa ƙusa mai tsatsa cikin ragowar shayi, ya bar ta ta kwana, ya duba ruwan da safe.

To, ga inda gizo ke saƙa. Jiki yana bukatar sinadarin ƙarfe don ya gina jini. Mu a karkara, daga hatsi da wake da ganye kamar zogale muke samun mafi yawansa, nama sai ranar kasuwa. Wannan ƙarfe na tsiro shi tanin ya fi kamawa a cikin ciki. Shayi mai ƙarfi a kan abinci yana iya hana jiki fiye da rabin ƙarfen da ya kamata ya karɓa.

Ƙato lafiyayye ba lalle ya ji komai ba. Mai ciki da mai jego da ƙaramin yaro, su ne abin tausayi. Ƙarancin jini yana kawo kasala da jiri, kuma macen da ta shiga naƙuda da shi, zubar jini kaɗan na iya kai ta ga halaka.

Ba mu ce a fasa buta ba. Wa zai raba fada da shayi? Ra'ayinmu shi ne a bar awa 1 tsakanin abinci da kofin farko. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba mata wurin awon ciki, a sha ta da ruwa, ban da shayi. A matsa lemun tsami a kwaɗon zogale, don yana taimaka wa jiki karɓar ƙarfe. Kofi na uku mai zaƙi da maigida ke miƙa wa yara, shi ma ya jira awar ta cika.