Hita da Kuɗin Wuta a Birnin Kano: A Auna Kafin a Jona

Da zarar hunturu ya kama a watannin Disamba da Janairu, sanyin asuba a Kano yakan sauka zuwa wajen digiri 13 ko 14 a ma'aunin Salsiyos, ruwan da ya kwana a randa ko a jarka kuwa sai ya zama abin tsoro ga mai niyyar wanka. A irin wannan lokaci ne ake fito da hita a gidajen cikin ganuwa, daga Yakasai zuwa Mandawari, daga Jakara zuwa gindin Dala, a tsoma ta a bokiti, a jona ta da bango, a tafi wata hidima. Bayan 'yan kwanaki sai maigida ya duba mita ya tarar katin da ya saya ya kusa ƙarewa, sai ya ɗora laifin a kan kamfani, ko a kan firji, ko a kan yaran da ke barin ƙwan lantarki a kunne. Alhali kuwa babban mai cin kuɗin yana rataye a ƙusa a bayan ƙofar banɗaki.

Hita ba abar ƙi ba ce, amma amfani da ita ba tare da awo ba asara ce, kuma ɗalibin sakandare da ya iya ɗan lissafi yana da ikon rage wa gidansu wannan asara fiye da yadda ƙorafi zai rage ta.

Abin da ya sa ruwa ke cin wuta

Ruwa abu ne mai wuyar ɗumamawa. Tun a shekarun 1840 wani masani ɗan Ingila mai suna James Joule ya nuna cewa zafi wani nau'i ne na makamashi wanda ake iya aunawa, kuma da sunansa ne aka raɗa wa ma'aunin makamashi suna jul. Domin a ɗaga zafin lita 1 ta ruwa da digiri 1 kacal, ana bukatar kimanin jul 4,200. Ƙarfe mai nauyin wannan ruwa ba ya bukatar fiye da wajen kashi ɗaya cikin tara na haka. Wannan hali na ruwa rahama ce ga halittu, domin mafi yawan jikin ɗan Adam ruwa ne, kuma yana daga cikin abin da ya sa zafin jiki ba ya hawa da sauka cikin gaggawa. Amma halin da ke tsare jiki shi ne kuma ke cin aljihu idan an zo ɗumama ruwan wanka.

Kamfanin wuta yana sayar da makamashi ne da yunit, wato aikin da na'ura mai ƙarfin wat 1,000 za ta yi a cikin awa 1, kuma kowane yunit jul miliyan 3.6 ne. To, a ɗauki bokiti mai cin lita 20 wanda ruwansa ya kwana ya sauka zuwa digiri 15, ana so a kai shi digiri 40 domin wanka. Tazarar digiri 25 ke nan. Idan aka ninka 20 da 25 da 4,200, za a sami jul miliyan 2.1, wato kusan yunit 0.6. Hita mai ƙarfin wat 1,500 za ta gama wannan aiki cikin minti 23 ko sama da haka kaɗan. Da wannan wuta ɗin ƙwan lantarki na zamani mai wat 10 zai yi awa 58 yana haske. Saboda haka maigidan da ke bin ɗakuna yana kashe fitilu, amma ya bar hita tana aiki babu mai lura, ya tsare ƙofar da ɓarawo ba ya bi.

Daga yunit zuwa naira

A zamanin NEPA, wadda aka kafa a 1972, gidaje da yawa ba su damu da irin wannan lissafi ba, domin kuɗin wata ba ya bin abin da aka sha daidai wa daida. An sauya sunan hukumar zuwa PHCN a 2005, sannan a Nuwamban 2013 aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu, KEDCO ya karɓi jihohin Kano da Katsina da Jigawa. A Afrilun 2024 hukumar da ke tsara farashin wuta, wato NERC, ta ɗaga kuɗin yunit ga masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wuta ta aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225, kafin a sassauta shi kaɗan a watannin da suka biyo baya. Ba kowace unguwa ke cikin wannan rukuni ba, sauran rukunai sun fi rahusa, don haka kowane ɗalibi ya dubi takardar katin gidansu ya ga nasa farashin.

Domin sauƙin lissafi, a ƙaddara yunit a naira 200. Bokiti ɗaya na ruwa mai ɗumi ya tashi kusan naira 120. Gidan gandu mai mutum 10, irin wanda ya yawaita a cikin birni, zai sha yunit 6 kowace safiya, wato naira 1,200, wanda a wata ya kama naira 36,000. Wannan kuwa idan an cire hitar a kan lokaci ne. Idan aka bar bokitin sai da ya tafasa, daga digiri 15 zuwa 100, wutar da za a sha ta kai yunit 2, fiye da ninki uku na abin da ake bukata.

Wani zai ce ai ana sirka tafasasshen ruwan ne ya ishi mutum uku. Wannan magana tana da gaskiya a cikinta: idan an sirka nan take aka yi amfani da shi, asarar ba ta da yawa. Matsalar ita ce ba haka abin yake faruwa ba a yawancin gidaje. Banɗaki ɗaya ne, masu jira suna da yawa, ruwa mai tsananin zafi kuwa ya fi saurin zubar da zafinsa ga iska fiye da mai ɗumi, musamman a buɗaɗɗen bokiti a tsakar gida da iskar hunturu ke kaɗawa. Abin da ya fi wannan muni shi ne barin ruwa yana ta tafasa. Da zarar ya kai digiri 100 zafinsa ba ya ƙaruwa, duk wutar da ke shiga tana tafiya ne wajen mai da shi tururi. Mai da lita 1 tururi yana cin sama da yunit 0.6, wato fiye da abin da zai ɗumama cikakken bokiti domin wanka. Kowace awa da aka manta da hitar nan a kunne, naira 300 ce ta bi iska.

Abin da jiki yake so

Zafin cikin jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne, na fatarsa kuwa bai kai haka ba. Ruwa mai digiri 38 zuwa 40 ya isa ya kori sanyi, ya taimaki sabulu wajen fitar da dauɗa. Abin da ya haura wannan ba ya ƙara tsabta. Yana wanke maiƙon da ke kare fata ne, ya bar ta tana kaushi da tsagewa a lokacin da iskar hunturu ta riga ta busar da ita. Ruwa mai digiri 60 yana iya ƙona fatar baligi cikin 'yan daƙiƙoƙi, ta jariri da ta tsoho kuwa ta fi saurin ƙonewa. Tun a shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta yawaitar ciwon zuciya a tsakanin masu jego da haɗuwar tsananin zafin wankan jego, da kwanciya a kan gado mai wuta a ƙarƙashi, da yawan shan kunun kanwa. Ashe rage zafin ruwa ya haɗa amfani biyu, na lafiya da na aljihu.

Sai dai akwai togaciya ga gidajen da suka kafa hitar bango mai tanki. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Lejiyonela, wadda aka gano bayan ɓarkewar wani ciwon huhu a birnin Filadelfiya na Amurka a 1976. Tana hayayyafa a cikin ruwa mai ɗumi da ya daɗe a ajiye, tsakanin digiri 20 da 45, kuma ana kamuwa da ita ta hanyar shaƙar feshin ruwan. Don haka mai tanki kada ya saukar da ma'aunin tankinsa ƙasa da digiri 60 da sunan tattali. Hanyar tattalinsa ita ce ya kunna shi kafin lokacin wanka, ya bari ya kai zafinsa, ya kashe bayan an gama, maimakon ya bar shi dare da rana yana ɗumama ruwan da babu mai bukata. Mai bokiti kuwa, da yake ruwansa ba ajiye shi zai yi ba, digiri 40 ya wadatar.

Zafin da ba a saye

Kakanni sun daɗe da sanin cewa ruwan da aka ja daga rijiya da asuba a lokacin hunturu yana da ɗumi. Dalili shi ne ƙasa tana riƙe ruwan da ke cikinta a kusa da matsakaicin zafin shekara, wanda a Kano ya kai wajen digiri 26. Randa kuwa aikinta sanyaya ruwa ne, domin tana tsatsafo ta jikinta, iska tana busarwa tana tafiya da zafin. Wanda ya ɗebi ruwan wanka daga randa ya jona masa hita, ya biya kuɗi ne domin ya warware aikin da randar ta kwana tana yi. Idan aka fara daga digiri 26 maimakon 15, tazarar ta ragu daga 25 zuwa 14, kuɗin ya ragu da kusan rabi.

Ga kuma rana. Kowane murabba'in mita na rufin gida a Kano yana karɓar hasken da ya kai kimanin yunit 5 zuwa 6 a yini, ko da yake ƙurar hunturu tana rage shi. Baƙar jarka mai murfi da aka ajiye a kan soro ko a sararin tsakar gida tun hantsi, kafin la'asar ruwanta ya yi ɗumin da yara za su yi wanka ba tare da an taɓa mita ba. Idan aka shigar da ita ɗaki kafin magariba aka lulluɓe ta da tsohon bargo ko buhuna, za ta riƙe wani abu na ɗumin zuwa safiya, musamman a ɗakin ginin ƙasa mai kaurin bango. Wannan dabara ba sabuwa ba ce a duniya. A 1891 wani Ba'amurke, Clarence Kemp, ya yi rajistar na'urar ɗumama ruwa da hasken rana, a 1980 kuma Isra'ila ta wajabta kafa irinta a kan sababbin gidajen zama. A nan gida, Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ta daɗe tana ƙera ire-irenta. Maƙera da masu walda na Kano ba su kasa wannan aiki ba, abin da ya rage shi ne masu saye su nema.

Kada a gudu gara a faɗa zago

Wasu da tsadar wuta ta dame su sun koma itace da gawayi. Wannan ba mafita ba ce. Murhu mai duwatsu uku yana zubar da mafi yawan zafinsa a iska, hayaƙinsa yana cutar da huhun mata da ƙananan yara da ke zaune kusa da shi, ga kuma saran itatuwa a ƙasar da hamada ke matsowa. Hitar da aka tsoma a ruwa kuwa kusan duk wutar da ta sha cikin ruwan take shiga. Wasu kuma, musamman ɗalibai a ɗakunan kwana, sukan haɗa hita da reza ko ƙusoshi da tsirarar waya. Hitar wat 1,500 tana jan sama da amfiya 6, alhali abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya 1 ba yana iya hargitsa bugun zuciya, jiƙaƙƙiyar fata kuwa ba ta tare wuta. Ko da hitar kanti ce, kada a sa hannu a ruwa sai an zare ta daga bango, kada a jona ta sai kanta ya nutse, kuma kada a ɗora ta a kan siririyar waya ko tsohuwar soket, domin wayar takan yi zafi har ta haddasa gobara a lungunan da motar kashe gobara ba ta iya shiga.

Aikin makaranta da na hukuma

Duk wannan lissafi ba shi da daraja ga gidan da ba shi da mita, domin wanda ake yanke wa kuɗi da ƙiyasi bai ga ladan tattalinsa ba. Wajibi ne kamfani da hukuma su gaggauta wadata gidaje da mita. Inda kuma iyalai da yawa ke tarayya a mita ɗaya, adalci shi ne a raba kuɗi bisa yawan bokitan da kowane ɗaki ya ɗumama, maimakon ƙidayar ƙwayayen fitila da aka saba yi, wadda ke sa mara hita ya biya wa mai hita.

Malaman kimiyya kuma suna da dama a hannunsu. Bokiti da hita da ma'aunin zafi da agogo sun isa a gudanar da gwaji a ɗakin gwaje-gwaje ƙarƙashin kulawar malami: a auna ruwa, a rubuta zafinsa kowane minti 5, a gwada da murfi da kuma ba murfi, a kwatanta baƙar jarka da fara a rana. Daga nan a ba kowane ɗalibi aikin gida, ya rubuta abin da mitar gidansu ta nuna kafin a jona hita da bayan an zare ta har tsawon mako guda, ya gano mintocin da bokitin gidansu ke bukata, ya rubuta adadin a takarda ya liƙa kusa da soket. Ɗalibin da ya kawo wa mahaifinsa wannan takarda, tare da lissafin abin da aka rage a wata, ya nuna wa gidansu amfanin karatun da ake biya masa.