Da dare mu zagi mishan, da safe mu kai musu ƴaƴanmu

Ƴan uwa matasa, yau zan taɓa wurin da ke ƙaiƙayi, wanda ransa zai ɓaci ya yi haƙuri ya karanta har ƙarshe kafin ya zage ni.

Duk wanda ke Yamai, Maraɗi ko Damagaram, ya leƙa ƙofar makarantar mishan lokacin rubuta yara. Su wa ke layi? Alhaji da babbar riga, Hajiya da hijabi har ƙasa, babban ma'aikaci da motar gwamnati, har da wanda shi kansa mushe ne a lakwal ɗin gwamnati. Bisa ƙidayar 2012, Kirista a Nijar ba su kai 1 cikin 100 ba. Ke nan galibin yaran da ke zaune kan bencinan nan ƴaƴan Musulmi ne. Kwalejin Mariama ta Yamai ta yaye ƴan mata Musulmi tsara bayan tsara, haka ma makarantar koyon sana'a ta Issa Béri. Iyayensu sun san ta coci ce, kuma da idonsu biyu suka kai su.

Mu ɗin nan ne kuma, ran 16 da 17 ga Janairun 2015, aka wayi gari ana cinna wa coci-coci wuta a Damagaram da Yamai saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a can Faransa. Mutum 10 suka rasu. A Yamai kaɗai ƴan sanda sun ƙirga coci 45, da gidan marayu, da makarantar Kirista guda, duk an ƙone. Bature ya yi zanensa a Paris, mu kuma muka huce kan maƙwabcin da ke koya wa ƙannenmu karatu. Da ƙura ta lafa, layin rubuta yara bai ragu ba.

To tambayata ita ce: mi suke yi a can da mu ba mu yi?

In ka jefa wannan tambaya a fada, kafin shayi na biyu ya nuna za ka ji amsa biyu. Wani zai ce kuɗin Turawa ne. Wani zai ce dabara ce ta juya wa yaranmu addini. Duka biyun amsar rago ce, don suna ba mu damar komawa kan tabarma ba tare da mun duba kanmu ba. Maganar juya addini, shekara nawa ana wannan karatu? Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram tun 1924, sun zauna Tsibiri kusa da Maraɗi, sun buɗe asibitin Galmi a 1950. Shekara ɗari ke nan, Kirista ba su kai ko 1 cikin 100 ba. In wannan dabara ce, wallahi ba ta ci ba. Wanda ya yi Mariama ko mishan na garinku ka san shi, a sahunku yake sallah.

Abin da na gani da idona daban ne. Akwai shekarar da nake kai ɗan yayata wata makarantar mishan kowace safiya, sannan in biya da ƙanwarsa lakwal ɗin unguwa. A ta farko, kafin ƙarfe 8 darakta na tsaye bakin ƙofa. Ya san yaron da suna, ya san wanda bai zo jiya ba, zai tambaye ka dalili. Malami in ya makara, a ƙofar nan za su haɗa ido. Lokaci zuwa lokaci yana shiga aji, ya zauna can baya, ya ɗauki littafin yaro ya duba ko an gyara aikin. A ta biyu kuwa, sau uku na je neman darakta cikin wata guda ban same shi ba: yau yana taro, gobe ya tafi bin takarda, jibi an yi rasuwa. Ajin yarinyar ya yi sati biyu ba malama, ba wanda ya sanar da mu, wata babbar ɗaliba aka ba tsumagiya ta tsare su. Ba kuɗin Bature ne ke tsayar da mutum bakin ƙofa ƙarfe 8 ba.

Darakta shi ne makaranta. Ka ba nagari malamai matsakaita, zai ja su har su zama gwanaye. Ka ba gwanayen malamai daraktan da ba ya zuwa, kafin ƙaramar sallah kowa ya kama kabu-kabu ko kanti. A mishan, wanda ya naɗa darakta yana kusa, yana ganinsa, yana iya sauke shi. A namu fa? Kowa ya san yadda kujerar ta daɗe tana tafiya: wane ɗan jam'iyya ne, wane surukin wane ne, wance mijinta babba ne ba a kai ta ƙauye. Mutum ya kwana yana malamin aji, ya tashi darakta, ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa yadda ake bin aikin malamai ko riƙe kuɗin makaranta. Kuma in ya lalata wuri, hukuncinsa sauyin gari, ya je ya lalata wani.

Kada wani ya ce ina cin mutuncin malaman gwamnati. Ɗan kwantaragi da ke jiran ɗan abin da ake ba shi har wata ya shiga wata, mai gidan haya na buga masa ƙofa, da wane ƙarfi zai tsaya gaban yara 80? A 2017 da aka yi wa ƴan kwantaragi jarrabawa, kusan kashi 1 cikin 3 ne kawai suka samu rabin maki, aka yi ta yi musu dariya a gidajen rediyo. Amma wa ya ɗauke su? Wa ya tura su aji ba horo? Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa cikin yaranmu 100 da ke gama firamare, waɗanda ke karatu yadda ya kamata ba su kai 10 ba. Na 2019 ya nuna an matsa gaba, ba mu musa ba, amma har yanzu mafi yawa na fita hannu rabbana. Ga azuzuwan zana da sai an yi girbi a samu kara a kafa su, da hadari ya haɗo kuma karatu ya ƙare. A cikinsu ne wuta ta cinye yara 20 a unguwar Pays-Bas ta Yamai a Afrilun 2021, ta sake cinye sama da 20 a Maraɗi a Nuwamban wannan shekarar. Allah ya jiƙansu. Wannan nauyi na gwamnati ne, ba darakta ba.

Kuma gaskiya, mishan ba mala'iku ba ne. Kuɗi suke karɓa, talaka ba ya iya kai ɗansa. Suna zaɓen yara, suna sallamar wanda ya kasa, ita kuwa lakwal ɗin gwamnati dole ta karɓi kowa. Duk na yarda. Sai dai ka ɗauki lakwal biyu na gwamnati a gari guda, albashi ɗaya, zana ɗaya, talauci ɗaya: ɗaya yara na karanta wasiƙa, ɗaya ba su iya rubuta sunansu ba. Je ka tambayi su wa ke riƙe da su. Haka yake a makarantun faranko-arab, akwai waɗanda ake rububi saboda mai riƙonsu tsayayye ne.

Sai maganar da ta fi ci mini rai: filin wasa. Mu muna ɗaukar wasan motsa jiki ɓata lokaci, darasin da ake tunawa da shi sai jarrabawar birbe ta ƙarato, a kwashi yara a sa su gudu cikin rana sati biyu. A makarantar da nake kai yaron nan, fili ƙarami ne, amma sharre, da raga, da lokacinsa a tsarin mako da ba mai taɓawa, ƴan mata ma suna yi. Daraktan ya gane abin da kakanninmu suka sani tun zamanin langa da kokowar dandali: yaro mai jini a jiki, in bai zubar da ƙarfinsa a fili ba, zai zubar da shi a wani wuri. Yaron da lissafi ya gagara, wani lokaci ƙwallo ce ke riƙe shi a lakwal har kansa ya buɗe. A fili ne yake koyon zuwa kan lokaci, da bin alƙalin wasa ko ransa bai so ba, da shan kaye ba tare da ya ɗauki dutse ba.

Ku dubi filayen makarantunmu yanzu. Nan an jera shaguna jikin katanga, can ya zama juji, can hanyar babura da awaki, can kuma an wayi gari an ga tubali. Sannan mu riƙa mamakin matasan Damagaram da ke ɗaga ƙarfe a ƙungiyoyin unguwa, irin waɗanda Aicha Macky ta nuna a fim ɗinta na Kara-Kara. Ƙarfin nan da ka gani, lakwal ce ta kore shi. Ƙasar da ke tsayawa cak duk shekara don kallon kokowar takobin ƙasa, tun wadda aka fara a Tawa a 1975 Kantu na Maraɗi ya ɗauka, a ce makarantunta ba su da ko da'irar yashi? Tun samun mulkin kai lambar Olamfik biyu muke da su: tagullar Issaka Daboré a dambe a 1972, sai azurfar Alfaga a taikwando a 2016. Shekara 44 tsakani. Mun yi ta kiɗa da rawa ranar da Alfaga ya dawo, ba wanda ya tambayi Alfaga nawa ne ke tura baro a kasuwa.

Saura batun imani, kuma nan ne ya kamata kunya ta kama mu. Ba na shakka cewa da yawa cikin masu riƙon makarantun mishan suna ɗaukar aikin nan ibada ne, suna jin Allah zai tambaye su kan kowane yaro. Shi ya sa matar da ta bar garinsu, ba miji ba ɗa, take shekara da shekaru tana koya wa ƴaƴan wasu. To mu da muke 99 cikin 100, wa ya fi mu wa'azin amana? Kowace Juma'a muna jin ta. Amma mutum ya yi sallar asuba a sahun gaba, ya bar yara 80 suna jiransa har ƙarfe 10, ƙarshen wata ya karɓi albashi cikakke bai ji komi ba. Ba na cewa addininsu ya fi namu, Allah ya kiyaye. Cewa nake su sun shigo da nasu har cikin aji, mu kuwa mun cire namu mun ajiye tare da takalma a ƙofar masallaci.

Saboda haka ƙungiyoyinmu su daina tsayawa kan kuɗin gini kaɗai. Mu nemi a riƙa ba da kujerar darakta ta hanyar jarrabawa, da horo kafin ya fara, da wa'adi, in bai yi ba ya koma aji. Mu nemi magajin gari ya fito da takardar iyakar filin kowace makaranta a manna a ƙofa. Kowace lakwal kuma tana da kwamitin gudanarwa na CGDES, da ƙungiyar iyayen yara, da ta iyaye mata. Kujerun nan namu ne, mun bar su ga tsofaffi uku da darakta ke kira su sa hannu.

Ran Litinin mai zuwa, kowace fada ta tura mutum biyu lakwal ɗin unguwarsu ƙarfe 8 saura kwata. Ba faɗa, ba ɗaukar hoton kowa. Ku gaisa da darakta in yana nan, ku ƙirga azuzuwan da ke da malami, ku zaga ku ga filin wasa. Ku turo mana abin da kuka gani da sunan unguwa kawai, za mu haɗa mu kai wa hukumar ilimi ta jiha. In kun tarar da daraktan da ke tsaye bakin ƙofa, shi ma ku faɗa mana, da shi za mu fara.